Gwajin Nukiliya da Girgizar Ƙasa: Kyakkyawar Niyya Ta Isa Hujja?



Bayan girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairu 2023, wadda ta ci rayuka sama da dubu hamsin, saƙonni sun cika WhatsApp da Facebook, wai manyan ƙasashe ne suka haddasa ta da makami. In ka yi wa mai turawa magana sai ya ce, "Malam, ai wayar da kan al'umma nake yi."

Mu yi masa adalci tukuna, zarginsa ba daga sama ya faɗo ba. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗin nukiliyarta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Zuwa 1966 ta yi gwaji 17 a ƙasar. Ƙurar gubar ta bi iska har Afirka ta Yamma, a kan haka ma Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. Kuma lallai gwajin ƙarƙashin ƙasa yana girgiza ta: na Koriya ta Arewa a Satumban 2017 ya kai maki 6.3.

To amma ta Turkiyya maki 7.8 ce, ƙarfinta ya ninka wancan fiye da sau ɗari. Ƙasa ta tsage tsawon ɗaruruwan kilomita, a yankin da Antakiya ta sha rushewa tun kafin a san wani abu wai shi bam. Na'urorin masana kuwa suna bambance fashewa da girgiza.

Ni dai a fahimtata niyya ba ta wanke wannan. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincikar labari, Manzon Allah (SAW) kuma ya ƙirga faɗin duk abin da kunne ya ji cikin ƙarya. Ban ga inda aka togace mai kishi ba, ko wanda ake zargin azzalumi ne.

Sannan ka duba wa ƙaryar take cuta. Mutanen Reggane har gobe suna neman haƙƙinsu, in muka cakuɗa kukansu da shaci-faɗi, mun ba wanda ya zalunce su abin yi musu dariya. A Turkiyya kuwa an kama 'yan kwangila bisa zargin ha'inci a gini. Duk wanda ya ce bam ne, ya wanke wanda ya rage ƙarfe da siminti, gini ya rufta kan mata da yara suna barci.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.