Ƙafa a Kan Layi, Hannu a Baya

Karatu: 1 Sama'ila 13:5-14, Farawa 35:1-7
Ayar haddacewa: 2 Timoti 2:5

A cikin wasannin guje-guje da tsalle-tsalle akwai wanda ake kira dogon tsalle. Ko ba ka taɓa kallonsa a talabijin ba, ka gan shi a makarantar firamare, inda ake zuba yashi a rami yara su taso da gudu su faɗa. A gasar duniya, ɗan wasa yana tasowa ne a kan hanya mai tsawon mita 40 ko fiye. A ƙarshenta akwai farin katako da aka binne daidai da ƙasa, faɗinsa santimita 20, kusan taƙi ɗaya na hannun babban mutum. Daga kan katakon nan zai tashi ya sauka cikin yashi. Alƙali yana zaune a gefe da tuta biyu, fara da ja. In yatsan ƙafa ya wuce bakin katakon, ko da kaurin farce ne, sai jar tuta. Masu gyaran yashi su zo su shafe sawun, tsallen ya zama kamar ba a yi shi ba.

Manzo Bulus ya san irin waɗannan wasanni, gama Helenawa na zamaninsa suna yin su. Shi ya sa ya tuna wa ɗansa Timoti cewa mai gasa ba ya samun rawani sai in ya bi dokar gasar. Ka lura, bai yi maganar wanda ya ƙi shiga fili ba. Yana maganar wanda ya shiga, ya yi gumi, ya yi nisa, jama'a suka tafa masa, amma ba a rubuta masa kome ba.

A watan Oktoba na 1968 aka yi gasar Olamfik a birnin Meziko. Akwai wani saurayi Ba'amurke mai shekara 22, Bob Beamon, wanda kowa ya san yana da ƙarfin tsalle. A zagayen tankaɗe da rairaya sau uku kawai ake ba mutum. Ya yi na fari, jar tuta. Ya yi na biyu, jar tuta. Saura ɗaya ya koma gida hannu rabbana. Sai Ralph Boston, ɗan ƙasarsu wanda ya ci zinariya a 1960, ya matso ya ba shi shawara ya ja wurin tasowarsa baya, don ƙafarsa ta sauka kafin layi, ko da zai yi asarar 'yan santimita. Beamon ya ji magana. Ya yi na uku, farar tuta, ya wuce zuwa zagayen ƙarshe.

Kashegari, 18 ga Oktoba, a tsallensa na farko ya yi mita 8.90. Kafin ranar babu wanda aka rubuta wa fiye da mita 8.35 a duniya, kuma Boston ɗin nan yana cikin mutum biyu da ke riƙe da wannan tarihi. Na'urar awon da aka girka a gefen ramin ba ta kai inda Beamon ya sauka ba, sai da aka nemo tef aka auna da hannu. Shi kansa bai gane lissafin mita ba, sai da aka juya masa zuwa ƙafa da inci, nan take ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa ya zube ƙasa. Wannan tarihi ya yi kusan shekara 23 ba a karya shi ba. Duk duniya ta san da mita 8.90. Kaɗan ne suka san cewa da saurayin nan ya ƙi ja da baya jiya, da ba a gan shi a fili yau ba. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Ka dubi Sarki Saul a Gilgal. Filistiyawa sun yi sansani a Mikmash da karusai da mahayan dawakai, Isra'ilawa suna ɓuya cikin koguna da ramummuka. Annabi Sama'ila ya ce a jira shi kwana bakwai. Saul ya jira, kada mu rage masa wannan. Ya jira kwana ɗaya, biyu, har na bakwai. Amma da ya ga mutanensa suna watsewa, annabi kuma shiru, sai ya ce a kawo masa dabbar, ya miƙa hadayar ƙonawa da kansa. Yana gamawa ke nan sai ga Sama'ila. Ɗan'uwa, ka yi tunanin wannan tazara. Tsakanin biyayya da rashin biyayyar Saul watakila ba a yi sa'a guda ba. Abin da ya yi kuma a ido aikin ibada ne: bagade, wuta, hayaƙi yana tashi sama. Duk wanda ya hango daga nesa zai ce ga sarki mai tsoron Allah. Amma Sama'ila ya ce masa ya yi wauta, mulkinsa kuma ba zai ɗore ba.

Irin wannan tuta tana tashi a cikinmu fiye da yadda muke so mu yarda. An sa ranar aurenku, saura wata uku, iyaye sun yarda, Fasto ya sani, sai ka ce ai kusan an gama, me ya rage? Layin ne ya rage. Kai ma'aji, kuɗin ginin majami'a suna hannunka, kuɗin makarantar yara ya taso, ka ce aro ne zan mayar ƙarshen wata, ba wanda ya sani. Kai mai bishara, Allah ya kira ka da gaske, ba na musu, amma ba a sallame ka ba tukuna ka riga ka kama ɗaki a wata unguwa kana jan tumakin wani a ɓoye. Ke 'yar'uwa mai baiwar annabci, kin ga abu rabi, kin cika sauran da naki, kika rufe da cewa Ubangiji ne ya faɗa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mutumin da ya ba da cin hanci ya sami aiki, ko ya rage shekarunsa a takarda, sa'an nan ranar Lahadi ya karɓi makirfo ya ba da shaida, mawaƙa suka tayar da waƙa, ikkilisiya ta tashi da rawa. Mu mun ga nisan tsallen. Ba mu zaune a inda Alƙali yake zaune, ba mu ga ƙafar ba.

Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Saul ya yi shekaru a kan gadon sarauta bayan Gilgal, yana yaƙi, yana cin nasara, ana yi masa kirari, alhali an riga an nemi wani a madadinsa.

Wa ke gaya maka ka ja baya? Boston abokin hamayyar Beamon ne, lamba ɗaya suke nema, amma ya faɗa masa gaskiya, ya kuma ga tarihinsa ya rushe a hannun yaron da ya taimaka, shi ya tashi da tagulla. In kana da mutum ɗaya irin wannan, dattijo a ikkilisiya, ko matarka, ko wata tsohuwa a zumuntar mata da ba ta tsoron fuskarka, ka riƙe shi hannu biyu. In kuwa duk wanda ya ce maka dakata ka mai da shi maƙiyin ci gabanka, kana ɗaure shi kana ƙona shi a addu'ar dare, to ka bincika da kyau wa kake yaƙa.

Akwai doka ta biyu a wasan nan, ita ce ta fi taɓa ni. Ba a auna inda ƙafarka ta kai. Ana aunawa ne daga layi zuwa alama mafi kusa da layin da wani sashe na jikinka ya bari a yashi. A gasar Olamfik ta 2016 a birnin Riyo na Birazil, Jeff Henderson na Amurka yana gaba da mita 8.38, Luvo Manyonga na Afirka ta Kudu yana biye da 8.37, santimita ɗaya tak tsakaninsu. Sai Jarrion Lawson, shi ma Ba'amurke, ya zo tsallen ƙarshe na gasar. Bai taka layi ba, farar tuta aka ɗaga. Ya sauka can nesa, ya miƙe yana murna, yana ganin ya ci. Da sakamako ya fito sai ga mita 7.78. Aka sake nuna hoton a hankali, ashe kafin ƙafafunsa su sauka, hannunsa ya shafi yashi a baya. Daga wannan 'yar shafa aka auna. Ya tashi na huɗu, babu lamba ko ta tagulla.

Ina ƙafafunka suka kai, ɗan'uwa? Sun kai nesa, na sani. An yi maka baftisma, kana magana da harsuna, kana fitar da zakka, ba ka fashin azumin farkon shekara. To hannun fa, ina yake?

Sa'ad da Yakubu ya tashi daga gidan Laban zuwa ƙasar alkawari, Rahila ta bi shi da ƙafafunta, amma ta saci gumakan mahaifinta, ta cusa su cikin sirdin raƙumi ta zauna a kai. Tana cikin ayarin masu albarka, tana tafiya inda Allah ya ce a tafi, da kayan tsohon gida a ƙarƙashinta. Hananiya da Safiratu sun sayar da fili sun kawo kuɗi gaban manzanni, abin da da yawa cikinmu ba mu taɓa yi ba. Ba wanda ya tilasta musu. Abin da suka ɓoye a baya, suka yi ƙarya a kansa, daga nan aka auna su.

Layar da kakanka ya ba ka tana nan ƙarƙashin akwati, ka ce ba na amfani da ita, ajiya ce kawai. Me ya hana ka ƙona ta? Kana jira ne ko wata rana addu'a za ta kasa. Yaro ya yi zazzaɓi, an kai shi asibiti, an kira dattawa sun yi addu'a, da dare kuma an aika ƙauye a tambayo boka. Lambar wayar nan da ka canza wa suna don kada matarka ta gane. Gabar gonar gado da ɗan'uwanka uwa ɗaya uba ɗaya, shekara takwas ba gaisuwa, kuma kuna cin Jibin Ubangiji kowa a majami'arsa. Mutane suna cewa waiwaye adon tafiya, amma Yesu ya nuna cewa wanda ya kama garma yana duban baya bai dace da Mulkin Allah ba, ya kuma ce mu tuna da matar Lutu. Ita ma ta fita daga Saduma, mala'iku ne ma suka kama hannunta suka fitar da ita.

Kada ka ji wannan ka ce ashe ceto da ƙoƙarina ne. A'a. Ramin da ke tsakaninka da Allah ba mai tsallake shi, Yesu ne ya haye da kai ta wurin jininsa. Maganar yau ta aikin da za a gwada da wuta ce, da rawanin da za a bayar ko a hana, da kuma zuciyar da ke kiran sunansa tana riƙe da wani abu dabam.

Ga wani abu da zai sa ka ce Haleluya. A wasan nan, in iskar da ke tura mutum daga baya ta wuce mita 2 a daƙiƙa, tsallensa ba ya shiga littafin tarihi. A Tokyo ranar 30 ga Agusta 1991, Carl Lewis ya yi mita 8.91, ya wuce Beamon, amma iska ta yi yawa, ba a karɓa a matsayin sabon tarihi ba. A daren nan ne Mike Powell ya yi 8.95 da iska daidai, nasa ya shiga. Namu Yusuf Alli ya ci wa Nijeriya zinariya a gasar ƙasashe renon Ingila ta 1990 da mita 8.39, amma saboda iska, tarihin da aka rubuta masa ya tsaya a 8.27 da ya yi a 1989. Mutane ba sa yarda iska ta taimake ka. A Mulkin Allah kuwa, Yesu ya hana almajiransa barin Urushalima sai iskar ta zo, ta kuwa zo da ƙarfi ranar Fentikos. Bitrus, wanda aka ɗaga wa jar tuta sau uku a dare ɗaya a farfajiyar babban firist, shi ne ya miƙe a ranar, mutum wajen dubu uku suka tuba. Ruhun da yake tura ka gaba, shi ne kuma yake ce maka tsaya, lokaci bai yi ba. Ba za ka karɓi turawarsa ka ƙi tsawatawarsa ba.

Kafin Yakubu ya hau Betel, ya tara iyalinsa ya ce su fitar da baƙin alloli, su tsarkaka, su sake tufafi. Suka kawo gumaka da 'yan kunne, ya binne su a gindin wani babban itace kusa da Shekem, sa'an nan suka kama hanya, tsoron Allah ya faɗa wa garuruwan da ke kewaye, ba wanda ya bi su. Kai ma ka san naka abin, tun kana karanta shafin nan Ruhu Mai Tsarki ya ambata maka sunansa. In na ƙonawa ne, kai wa Fasto a ƙona a gabanka. In kuɗi ne, je wurin dattawa da bakinka kafin a zo bincike, ku shirya yadda za ka biya. In mutum ne, kira shi kafin rana ta faɗi. In kuma kai da wadda za ka aura ne, ku daina haɗuwa a ɗaki ku biyu har ranar ta zo.

Addu'a: Ya Uba, ka ga inda ƙafata ta wuce iyakar da ka sa mini, ka ga kuma abin da hannuna yake riƙe da shi a baya. Ina tuba, ka wanke ni da jinin Yesu. Ka ba ni ƙarfin hali in je wurin wanda ya kamata in je yau. Ka aiko mini da mai faɗa mini gaskiya, ka ba ni kunnen jin sa. Ruhu Mai Tsarki, hura a kaina, ka koya mini jira har lokacinka ya yi. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.