Damuwa da Mai Ciwon Zuciya



A unguwannin Dala, kamar Gwammaja da Ƙofar Ruwa da Yalwa, akan ga magidanci ya dawo daga Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano an ce masa hawan jini ya taɓa zuciyarsa. Daga ranar sai ya ɗauke ƙafa daga kasuwa, ya kwana yana tunanin kuɗin magani da makomar 'ya'yansa. Haka ma mai jego wadda zuciyarta ta yi rauni bayan haihuwa, cutar da likitoci suka yi nazari a kanta a Zariya tun shekarun 1970.

Likitoci sun tabbatar cewa tsoro da baƙin ciki suna ƙara bugun zuciya da hawan jini, suna hana barci. Wanda kuma ya ɗebe tsammani, shi ne yakan bar shan magani.

To, baƙin ciki ba raunin imani ba ne. Shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalib suka rasu, wajen 619 Miladiyya, Shekarar Baƙin Ciki ake ce mata. Suratu Yusuf kuma ta ba da labarin yadda idanun Annabi Yakubu suka yi fari saboda juyayi. Saboda haka kada a zargi mara lafiya da rashin tawakkali don ya yi kuka.

Shari'a kuwa ta sauƙaƙa masa. A hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda Buhari ya ruwaito, an yi wa mara lafiya izinin yin salla a zaune, in ya kasa, a kwance. Aya ta 184 da ta 185 cikin Suratul Baƙara sun yarje masa ajiye azumi. Zikiri yana sanyaya rai, amma neman magani ma umurnin Manzon Allah ne, don haka a haɗa su biyu.

Sauran aiki na dangi da maƙwabta ne. Gaida mara lafiya haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan'uwansa. Mai zuwa dubiya ya taƙaita zama, ya guji labarin waɗanda ciwon ya kashe, ya taimaka da kuɗin magani in da hali. In damuwa ta daɗe har ta hana ci da barci, a sanar da likita, domin ita ma tana da magani.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa ya zama kaffara, amin.