Haƙurin Wa Muke Nema?

A Zangon Kumasi, idan aka ce "likita ya ce a koma gida a ci gaba da addu'a," kowa ya gane. Ciwon daji ya ci ƙarfin jiki, magani ya kai iyakarsa. Daga nan ɗaki ya cika da masu dubiya daga Aboabo da Asawase da Sabon Zango, kowa da kwanon abinci, kowa da kalma ɗaya a baki: haƙuri. Nan kam ba mu da laifi, marar lafiya a Zango ba ya kwana shi kaɗai. Amma idan mutum yana murƙususu cikin dare har maƙwabta na jiyo nishinsa, muka ce ya yi haƙuri, haƙurin wa muke nema? Nasa ne, ko kunnuwanmu ne suka gaji?

Warkarwa daban, rage raɗaɗi daban. Idan ta farko ta gagara, na biyun bai gagara ba. A kan haka wata likita 'yar Ingila, Cicely Saunders, ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali a Landan a 1967. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin ba masu ciwon daji maganin raɗaɗi hawa-hawa, daga farasitamol har zuwa mofin. Kada a ce wannan sai ƙasar Turawa: a Yuganda tun 1993 ake kai wa marasa lafiya ruwan mofin har gida. Mu ma a asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan. Sai dai da yawanmu ko tambaya ba ma yi.

Duk lokacin da na taɓo batun a rediyo, uzuri biyu masu bugo waya ke kawowa. Na farko taramadol: mun ga yadda ya lalata mana samari, shi ya sa duk magani mai ƙarfi muke gudunsa. Tsoron yana da dalili, amma yaron da ke haɗiyar ƙwaya don maye da dattijon da cuta ta shiga ƙashinsa ba hanyarsu ɗaya ba.

Na biyun ne ya fi nauyi, kuma ban taɓa raina shi ba. Ciwo kaffara ne, in ji su; kuma in an ba Baba maganin da zai sa shi barci, wa ya sani ko zai iya kalmar shahada? Mai faɗin haka ƙauna ce ta sa shi, lahirar mahaifinsa yake duba. To amma mofin da awo ake ba shi, kaɗan-kaɗan, bayan awa huɗu-huɗu, likita na ƙarawa ko ragewa. Yakan kawo gyangyaɗi a kwanakin farko, yakan ɗaure ciki, kuma duka akwai dabararsu. Wanda azaba ta sha kansa kuwa, ko sunan 'yarsa ba ya iya kamawa, balle ya yi wasiyya, ya faɗi wanda ke binsa bashi, ya nemi gafarar ɗan'uwan da suka yi shekara goma ba sa ga-maciji. Shahadar da muke yi wa tanadi, sau da yawa raɗaɗin ne ke ƙwace ta.

Batun kaffara kuma, ladar mai ciwon ce, tsakaninsa da Ubangijinsa. Ban ga inda aka ɗora wa mai lafiya ya tara wa wani lada da jikin da ba nasa ba. Wanda ke cewa a bar Baba ya jure, in ciwon haƙori ya kama shi, kafin la'asar yana gaban mai kemis.

Idan marar lafiya da bakinsa ya ce ba ya so, ya fi son ya ji komai da idonsa biyu, wannan zaɓinsa ne, a girmama shi. Abin da ke damuna shi ne yawanci ba a tambayarsa. Manyan gida kan yanke shawara a zaure, su yi sallama su tafi, a bar matarsa ko 'yarsa da shi har asuba, tana yi masa fifita.