Hannun Hukuma a Cikin Tarin Hatsi

Imam Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abincin sayarwa, ya cusa hannunsa ciki, ya ji danshi a ƙarƙashi, ya kuma zargi mai shi da algus. Kuma daga wannan, da irin zagayen da Sayyidina Umar ya riƙa yi a kasuwar Madina, malamai suka ciro hukuncin hisba. Abin lura shi ne hannun nan mai albarka bai jira izinin mai kayan ba.

Mai tambaya zai ce, ashe ba Suratul Hujurati, wadda ita ma a Madina ta sauka, ta hana tajassusi, wato leƙen asirin mutane, ba? Ta hana, amma suturar da shari'a ta ba mutum a cikin gidansa ba ta lulluɓe mudun da yake auna wa jama'a da shi, domin duk abin da haƙƙin wani ya rataya a kansa ya fita daga hurumin sirri. Littattafan lissafin kamfani, wanda ke riƙe da dukiyar marayu da ajiyar talakawa, nan suka faɗa. Ayar bashi ta Suratul Baƙara ta wajabta wa shaidu amsa kira, ayar da ke bin ta kuma ta ɗora zunubi a kan mai ɓoye shaida. A ganina asalin sammaci ke nan, kuma attajirin da ya ƙi shi ya ƙi abin da ya girmi dokar gwamnati.

Sai dai ayar bashin nan ɗaya ta hana a cutar da marubuci ko mai shaida, kuma wannan rabin ne masu mulki suka fi saurin mantawa. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya iyakance muhtasibi, wato jami'in hisba, a littafinsa Ahkamus Sulɗaniyya: ba ya tonon abin da ke ɓoye sai da alama mai ƙarfi, kuma idan wanda ake tuhuma ya yi musu, sauraron hujja na alƙali ne. Saboda haka hukumomin yaƙi da cin hanci irin su EFCC da aka kafa a Nijeriya a 2003, da Nazaha ta Saudiyya ta 2011, suna da hurumin neman takardun kowane kamfani, muddin sun nuna dalilin tuhumarsu a gaban kotun da ke da ikon ce musu a'a.