Hoton Teku a Farin Wata

'Yan uwa, ina ɗalibi a Masar na raka wani abokina bakin teku a Iskandariyya, daren 14 ga wata. Ya kafa kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku, ya bar idonta a buɗe sakan 30. Na kai hannu, ya ce, "Malam, kul! Ta motsa, hoto ya lalace." Da hoton ya fito, subhanallah, ruwan nan mai tumbatsa ya kwanta luf kamar hazo, haske ya taru a kansa.

Sai na tuna sallata ta dare: jiki a tsaye, zuciya tana kasuwa. Haske kaɗan-kaɗan yake taruwa, kuma sai a zuciyar da ta natsu. Yau, ko raka'a biyu ce, mu ajiye waya, mu natsu. Allah Ya ba mu khushu'i.