Ɗalibi Da Hanyarsa Ta Ɗaukar Karatu: Sanin Kai Ne Ko Neman Uzuri?

 

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin ɗalibai. Malami zai ba yaro baiti 10 na Alfiyya ya haddace, sai yaron ya ce shi kansa ba na hadda ba ne, sai an zana masa abu ya gani sa'an nan ya ke ganewa. Wani kuwa ya ce shi ba ya iya zama da littafi, ta kunne ya ke ɗauka. To, wanda ya faɗi haka sanin kansa ya yi, ko kuwa uzuri ya nema wa kasalarsa?

Babu shakka mutane sun bambanta wajen ɗaukar karatu, tun zamanin sahabbai. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah Ya yarda da shi, rubuta hadisi ya ke yi, har ya tara takardun da a ke kira Assadiƙa. Abu Huraira kuwa ba ya rubutu, da ka ya ke riƙewa, kuma shi da bakinsa ya ce Abdullahi ya fi shi yawan hadisi saboda wannan rubutu. Amma duk da haka abin da aka ruwaito daga Abu Huraira ya haura 5,000, na Abdullahi kuwa kamar 700 ne. Dalili ɗaya da malamai suka kawo shi ne Abu Huraira ya zauna a Madina yana karantarwa, yana maimaitawa. Kada mai karatu ya manta, wannan sahabi ya taɓa kai kukan mantuwa ga Manzon Allah. An kuma ruwaito cewa ya kan kasa darensa uku: kashi ɗaya barci, ɗaya salla, ɗaya bitar hadisi. Watau ko shi da aka yi wa addu'a bai dogara ga baiwa ya kwanta ba.

Turawa ma sun yi magana a kan wannan al'amari. A shekarar 1987 wani malami a ƙasar Niyu Zilan, Neil Fleming, ya kasa ɗalibai gida huɗu: masu gani, da masu ji, da masu karatu da rubutu, da masu aikatawa da hannu. Makarantu da yawa suka karɓi wannan ra'ayi hannu bibbiyu. Sai a shekarar 2008 waɗansu masana huɗu a Amurka, Harold Pashler da abokan aikinsa, suka bi binciken da aka yi a kai. Suka tarar gaskiya ne kowa yana da hanyar da ya fi so, amma ba su sami gamsasshiyar hujja ba cewa in an karantar da shi ta wannan hanya zai fi ganewa. Abin da rai ya ke so daban, abin da ya ke amfanar mutum daban.

Galibi ilmin ne da kansa ya ke zaɓar ƙofar da za a shiga masa. Mafitar harafin “dad” ba ta samuwa daga zane, sai an ji daga bakin malami, an biya, an gyara. Rabon gado sai da alƙalami da takarda, komai kaifin kunnen mutum. Salla kuwa, Annabi ya taɓa hawa mumbari ya yi ta domin jama'a su gani su koya. Makarantar allo ma, wadda waɗansu su ke rainawa, ba ta bar wa yaro zaɓi ba: ya rubuta da hannunsa, ya duba da idonsa, ya ɗaga murya kunnensa ya ji, ba kuwa zai wanke allo ba sai karatun ya zauna.

Ashe sanin kai na gaskiya ya fi ɗaci. Sibawaihi ya fara da neman hadisi a Basra wurin Hammadu ɗan Salama. Wata rana ya yi kuskuren nahawu a gaban jama'a, malamin ya gyara masa. Bai ce haka Allah Ya yi shi ba. Ya tashi ya lazimci Halilu ɗan Ahmadu, har ya wallafa Alkitab, littafin da masana nahawu su ke komawa gare shi har yau. Gurbin da ya gaza a nan ya tare. Ɗalibin da ya gane cewa ƙwaƙwalwarsa ta fi buɗewa bayan Asuba, ko kuwa ba ya riƙe abu sai ya rubuta, ya sami abin da zai tsara lokacinsa da shi. Wanda ya mai da wannan sani katanga tsakaninsa da rabin ilmi kuwa, kansa ya cuta, ya kuma ci amanar iyayen da su ke ciyar da shi yana karatu.

Shi kuwa yaron nan mai baiti 10, Azzarnuji ya riga ya rubuta masa magani a cikin Ta'alimul Muta'allimi. Ya maimaita darasin jiya sau 5, na shekaranjiya sau 4, na gabaninsa sau 3, sa'an nan sau 2, sa'an nan sau 1. In ya ga dama ya yi da murya, in ya ga dama ya yi da alƙalami. Ya jarraba wata guda, sa'an nan ya rufe littafin ya biya wa malaminsa.