Ido a Sama, Ruwa a Ƙofar Gida

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa yin damina a Kigo Road, ko Rafin Guza, ko gangaren Unguwar Rimi, ya san yadda barci yake ƙaurace wa ido sa'ad da Kogin Kaduna ya cika ya batse. A watan Satumba na 2003 kogin ya yi ambaliya, ya raba dubban mutane da gidajensu. A ƙarshen wannan watan kuma aka harba tauraron ɗan'adam na farko na Nijeriya, NigeriaSat-1, daga ƙasar Rasha. A Ingila aka ƙera shi domin ɗaukar hoton ƙasa da lura da bala'o'i, kuɗinsa kuwa, wajen dala miliyan 13, daga baitulmalin jama'a ya fito.

Daidai ne a aika da dukiyar talakawa sama alhali asibiti ba magani? Kada mu raina mai wannan tambaya, gama ciwon da ke jikinsa ne yake magana.

Amma mu tuna, kogin nan ba a ƙofarmu yake farawa ba. Daga tsaunukan Filato yake gangarowa, ruwan da zai shiga ɗakunanmu kuwa ya riga ya sauka can nesa tun muna shanya a tsakar gida. Wanda yake tsaye a kan gada ba ya ganinsa. Daga sama ne ake ganin gajimare yana haɗuwa, da dajin da aka sare, da gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa. Ba ɗan kasuwar da zai sayi wannan ido dominmu, don gargaɗi ba a auna shi da mudu a sayar. Mai hali yana iya komawa kan tudu, matalauci kuwa ba shi da mai tsaro sai wanda jama'a suka ɗauka da kuɗinsu. Saboda haka muna ganin kuɗin ba almubazzaranci ba ne. Har ma tauraron namu ya ɗauki hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005, abin da da wuya kakanninmu su gaskata.

Sai dai a nan nauyin yake. A 2011 aka ƙara harba taurari biyu, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X. Shekara guda bayan haka, a 2012, ambaliya ta kashe mutum 363 a ƙasar nan, ta kori fiye da miliyan 2 daga muhallansu. Annabi Ezekiyel ya yi zancen mai tsaron gari wanda ya hango haɗari bai busa ƙaho ba, aka nemi alhakin jinin mutane a hannunsa. Gwamnatin da ta sayi ido ta rasa hujjar cewa ba ta sani ba. Mu ma da muka ji gargaɗi muka ci gaba da zuba shara a magudanar ruwa, ba mu kuɓuta ba.

Ƙahon namu shi ne sanarwa a rediyo da Hausa da Gbagyi, da mai unguwa da aka gaya wa a kan lokaci, da wurin da gwauruwa za ta kai 'ya'yanta kafin dare. Waɗannan ma suna cin kuɗi, su ne kuma ake mantawa a kasafi domin ba a yi musu bikin harbawa. Kowace shekara hukumar NIHSA takan fitar da sunayen ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Kafin daminar bana ta kankama, bari mu tambayi kansilanmu ko ya ga takardar, da kuma inda ya shirya wa mutanen bakin kogi.